Kuran daga iska: me ya sa masu bincike suka fi damuwa da linzamin injin?

A watan Maris na 2022, gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanin Savannah Energy na Ingila, domin gina filin injinan iska a yankin Tarka, cikin jihar Tawa, wanda aka ce ƙarfinsa zai iya kai megawat 250. Duk wanda ya ji wannan labari, abin da yake hangowa shi ne dogayen hasumiyoyi farare, kowace da manyan fukafukai uku suna juyawa a hankali, irin waɗanda ake nunawa a talabijin. Amma a jami'o'in da ake bincike a kan waɗannan injuna, a Danmak da Jamus da Faransa da Amurka, akwai malamai da ɗalibai masu yawa da suka ƙare shekarunsu a kan wani abu da hoto ba ya nunawa, wato kwamfutar da ke cikin injin da ƙa'idojin lissafin da aka zuba mata. Ita ce ke yanke shawara, sau da dama a cikin sakan guda, yadda injin zai tarbi iskar da ke zuwa masa.

Masu karatun Faransanci suna kiran wannan fanni otomatik. A Hausa za a iya cewa ilimin sarrafa na'ura, shi kuma abin da ke sarrafawar a kira shi linzami, don aikinsu ɗaya da na doki: ba shi ke da ƙarfin ba, amma in ya tsinke ƙarfin ya zama masifa. An ga haka a watan Fabrairu na 2008 kusa da garin Hornslet na Danmak, inda birkin wani injin iska ya ƙi kamawa ana tsakiyar iska mai ƙarfi. Fukafukan suka yi ta ƙara gudu har suka tarwatse, hasumiyar ta karye. Hoton bidiyon yana nan a intanet har yau.

Auna, kwatanta, gyara

Tushen wannan ilimi ba baƙo ba ne ga kowa. Mace mai shiƙar hatsi a masussuka tana yin sa ba tare da ta ba shi suna ba. Tana duban inda ƙaiƙayi ke sauka, tana kwatanta shi da inda take so ya sauka, in iska ta yi ƙarfi ta sassauto da ƙwarya, in ta lafa ta ɗaga hannu. Ta auna, ta kwatanta, ta gyara, ta sake aunawa. Duk wani linzamin na'ura, daga ɗan abin da ke tsayar da injin firiji in sanyi ya isa har zuwa na jirgin sama, wannan zagayen yake yi.

Abin sha'awa, injinan iska suna cikin na'urorin da aka daɗe da ƙera wa irin wannan dabara. A 1745 wani Bature ɗan Ingila mai suna Edmund Lee ya yi wa injin niƙa mai aiki da iska wata ƴar fanka a bayansa, wadda ke juya kan injin da kanta ya fuskanci iska duk inda ta sauya. A 1788 James Watt ya ari wata dabarar daga masu injinan niƙa, ƙwallayen ƙarfe biyu masu juyawa waɗanda ke buɗewa in gudu ya yi yawa, ya sa su suna rage tururi a injinsa. Sai dai an lura wani lokaci linzamin da kansa ke haukata injin: ya rage tururi fiye da kima, injin ya yi sanyi, ya ƙara fiye da kima, injin ya zabura, haka dai ba tsayawa. Sabon direba yakan yi irin wannan in mota ta ɗan kauce: ya murɗa sitiyari da ƙarfi, ta wuce ɗaya gefen, ya sake murɗawa, har ta kai shi rami. A 1868 masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya rubuta lissafin da ke nuna yaushe linzami zai kwantar da injin, yaushe zai haukata shi. Daga nan ake ƙirga farkon wannan fanni a matsayin ilimin jami'a.

Linzamin da ya fi yaɗuwa a masana'antun duniya har yau ya samo asali ne daga aikin Nicolas Minorsky, wanda a 1922 ya yi nazarin yadda matuƙan jiragen ruwa ke riƙe hanya. Ya ga cewa gwanin matuƙi ba kaucewar yanzu kaɗai yake duba ba. Yana kuma lura da kaucewar da ta daɗe tana taruwa, da saurin da jirgin ke ƙara kaucewa. Aka mayar da waɗannan abubuwa uku lissafi, ana kiransa PID. Mai sauƙi ne, mai arha ne, kuma kowane injiniya ya san yadda ake saita shi.

Injin da ba ya bin farashin tiya

Matsalar ita ce, wannan lissafi mai sauƙi an gina shi ne a kan zaton cewa na'ura tana da miƙaƙƙen hali. In tiyar hatsi ɗaya jika guda ce, tiya biyu jika biyu ne, tiya goma jika goma. Abin da ka ƙara, daidai shi za ka samu. Na'urar da ke amsawa haka tana da sauƙin sarrafawa, domin in ka san halinta a wuri ɗaya ka san shi ko'ina.

Injin iska ba haka yake ba, halinsa murɗaɗɗe ne. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya daidai da gudunta. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin yana ninkawa sau takwas. Iska mai gudun mita 5 a sakan, wato kilomita 18 a awa, in ta koma mita 10, injin da ke samun kilowat 100 zai tashi zuwa 800. Dalili kuwa biyu ne suka haɗu: iska mai sauri ta fi yawan wucewa ta cikin fukafukai, kuma kowane ɗan ɓangarenta ya fi ƙarfin duka. Don haka ƙarin mita ɗaya a sakan ba komai ba ne da safe in iska ta lafa, amma babban abu ne in ta riga ta yi ƙarfi.

Abu na biyu ya fi wannan wuyar sha'ani. Injin ba zai iya kwashe dukan ƙarfin iska ba, don in ya tsayar da ita cak, babu inda wadda ke baya za ta bi. Bajamushe Albert Betz ya nuna, wajen 1920, cewa iyakar abin da za a iya ɗiba shi ne kashi 59 da ɗoriya cikin ɗari. Injinan zamani masu kyau sukan samu kashi 45 zuwa 50. Amma ba sa samun haka sai in gudun juyawarsu ya dace da gudun iska. In fukafukan suna tafiya a hankali, iska tana zurarewa ta tsakaninsu a banza. In sun cika sauri, sai su zama kamar bango, iska ta kewaye su. Ga injin mai fukafukai uku, wurin da ya fi dacewa shi ne bakin fiffike ya yi gudu kamar sau bakwai ko takwas na gudun iska. Shi ya sa injin da mutum zai gani daga nesa kamar yana juyawa a kasalance, bakin fiffikensa yakan kusanci kilomita 300 a awa.

Girman abin ma yana da nasa tasiri. A Taiba Ndiaye ta ƙasar Senegal, inda aka ƙaddamar da fili mai injuna 46 da megawat 158 a 2020, faɗin da'irar da fukafukan kowane injin ke zanawa mita 126 ne. Wannan ya fi hekta guda, gona sukutum a tsaye cikin sama. Iskar da ke bugun saman da'irar ba ita ce ke bugun ƙasanta ba. Kowane fiffike, a kowane zagaye, yana shiga iska mai ƙarfi ya fita zuwa mai rauni.

Hannuwa uku

Linzamin yana da abubuwa uku da zai iya taɓawa. Yana iya juya kan injin gaba ɗaya ya fuskanci iska, aikin da ake yi a hankali. Yana iya murɗa kowane fiffike daga gindinsa, ya ba iska faɗinsa ko ya ba ta kaifinsa. Yana kuma iya ƙara ko rage riƙon dinamon da ke haifar da kuran, wato yadda dinamon ke taurin juyawa. Wanda ya taɓa tuƙa keke mai fitilar dinamo ya san yadda ƙafa ke jin nauyi in an jingina shi da taya.

Injin yakan fara aiki in iska ta kai kamar mita 3 ko 4 a sakan. Daga nan zuwa wajen mita 11 ko 12, burin linzami shi ne ya tatso duk abin da zai iya. A nan akwai wata ƙa'ida mai kyau da aka daɗe da ganowa: in aka sa riƙon dinamo ya riƙa tashi sau huɗu duk lokacin da gudun juyawa ya ninka sau biyu, injin da kansa zai nemi gudun da ya dace da iska ya zauna a kai. Ba a ma buƙatar auna iskar. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin ma'aunin iskar yana zaune a bayan fukafukai, iskar da ke isa gare shi ta riga ta dagule. Amma ƙa'idar tana da wata lamba guda da dole a saita, kuma wannan lamba ta dogara ga nauyin iska da lafiyar fatar fukafukai. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

In iska ta wuce mita 12, aiki ya juye. Dinamo ya cika, ba zai ɗauki ƙari ba, saboda haka yanzu burin linzami shi ne ya zubar da rarar. Sai ya riƙa murɗa fukafukai suna ba iska kaifi. A mita 25 a sakan, wato kilomita 90 a awa, ƙarfin iska ya ninka na mita 12 kusan sau tara, kuma a nan yawancin injuna suke tsayawa don tsira da kansu. A tsakanin nan murɗaɗɗen hali yake fitowa fili. Murɗa fiffike da digiri ɗaya a mita 13 ɗan gyara ne, amma digiri ɗayan nan a mita 22 babban sauyi ne. Linzamin da aka saita don na farko zai yi wa na biyu irin aikin sabon direba.

Maganin da masana'antu suka daɗe suna amfani da shi shi ne su raba hanyar gida-gida: a lissafa saitin da ya dace da kowane matakin iska, a jera su, kwamfuta ta riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan, kamar yadda direban kamyo ke sassauta hannunsa a kan sitiyari in gudu ya ƙaru. Yana aiki, kuma da shi dubban injuna ke juyawa a yau. Abin da ke damun malaman jami'a shi ne, an tabbatar da lafiyar injin a kowane mataki, amma ba lalle a tabbatar da ita ba in iska ta yi tsalle ta ƙetare matakai da yawa a cikin ƴan sakanni.

Sannan ga gajiyar ƙarfe. Waya in aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa, ko ba da ƙarfi ba, wata rana sai ta tsinke. Injin iska ana ƙera shi ya yi shekara 20 ko fiye, kuma a wannan lokaci zai juya fiye da sau miliyan 100. Duk lokacin da linzami ya murɗa fukafukai, turin da iska ke yi wa hasumiya yana sauyawa, hasumiyar ta yi gaba ta yi baya. Linzami mai zafin nama zai riƙe kuran daidai, ya kuma tsufar da injin da wuri. Babban injin farko da ya wuce megawat ɗaya, wanda aka kafa a jihar Vermont ta Amurka a 1941, a 1945 ya yi asarar fiffike mai nauyin tan 8 da ya ɓalle daga inda ƙarfen ya riga ya tsage.

Abin da ake nema a jami'o'i

Burin masu bincike shi ne ƙa'ida guda da za ta riƙe injin a kowane hali, tare da hujjar lissafi cewa ba za ta sake shi ba. Kusan dukansu suna komawa ga aikin wani Barushe, Aleksandr Lyapunov, wanda ya rubuta a 1892, aka fassara shi zuwa Faransanci a Tulus a 1907. Tunaninsa ana iya kwatanta shi da ƙwallo a cikin ƙwarya. Ba sai an bi diddigin kowace birgima da ƙwallon zai yi ba. In aka tabbatar cewa tsayinsa kullum raguwa yake yi, to ƙarshensa gindin ƙwarya ne. Haka injiniya zai nemo wani ma'auni na kuskuren injin, ya ƙera linzamin da zai tilasta wa wannan ma'auni raguwa ko yaya iska ta yi. Nemo ma'aunin ne wahalar, kuma a kansa ake rubuta kundin digiri na uku.

Daga wannan tushe hanyoyi suka rarrabu. Wata ta fito daga Tarayyar Sobiyet, daga aikin Stanislav Emelyanov da Vadim Utkin: a zana layin da ake so injin ya bi, in ya ɗan kauce dama a buge shi hagu da ƙarfi, in ya kauce hagu a buge shi dama, cikin saurin da zai sa ya zama kamar yana zamewa a kan layin. Amfaninta shi ne ba ta damu ba ko lissafin injin bai cika daidai ba. Aibinta kuwa karkarwa, wadda ƙarfe da haƙoran injin ba sa so. Masu bincike a Brest ta Faransa, cikinsu har da Mohamed Benbouzid, sun gwada sababbin nau'o'inta masu rage karkarwa a kan lissafin injinan iska tun wajen 2008, haka kuma Boubekeur Boukhezzar da Houria Siguerdidjane a makarantar Supélec sun yi aiki a kan wasu hanyoyin masu kama da ita. Ɗalibai da yawa daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya sun bi wannan sahu.

Wata hanyar ita ce linzami mai koyo. An ce a riƙe batun lambar nan da ta dogara ga nauyin iska da fatar fukafukai. A jihar Kolorado ta Amurka, Kathryn Johnson da Lucy Pao da abokan aikinsu sun ƙera linzamin da ke ɗan sauya lambar da kansa, ya duba ko kuran ya ƙaru ko ya ragu, ya ci gaba ta inda ya fi. Sun gwada shi a kan injin gaske mai kilowat 600 na cibiyar bincike ta NREL, suka buga sakamakon a 2006. A Ingila kuma Ervin Bossanyi ya nuna, a 2003, cewa in aka murɗa kowane fiffike daban, gwargwadon inda yake a cikin zagaye, ana rage wahalar da bambancin iskar sama da ta ƙasa ke jawowa.

Akwai kuma masu cewa duk wannan gyara ne bayan an sha duka. Me zai hana injin ya hango iska tun ba ta iso ba? A jami'ar Stuttgart ta Jamus, David Schlipf da abokansa sun ɗora wa injin wata na'ura mai harba hasken leza gaba, tana auna gudun ƙurar da iska ke ɗauke da ita daga nesa. Ƴan sakannin da ake samu sun isa a fara murɗa fukafukai kafin bugun ya sauka. An gwada wannan a fili a 2012. Wasu kuma sun bar injin guda suka koma kan fili gaba ɗaya, domin injin gaba yana dagula wa na baya iska. In aka ɗan karkatar da kan na gaba da gangan, shi ya yi ƴar asara, na baya su samu fiye da ita. Gwajin da aka yi a Indiya, aka buga a 2022, ya nuna ƙarin da bai kai kashi 3 cikin ɗari ba a mafi yawan lokaci. Kamar ba komai, amma a fili mai megawat ɗaruruwa kuɗi ne masu yawa, kuma ba a sayi ko ƙusa ba.

Gaskiyar da ba a cika faɗa a taron masana ba ita ce, mafi yawan takardun da ake bugawa a wannan fanni ba su taɓa fita daga kwamfuta ba. Ana gwada sabon linzami a kan injin lissafi da iskar lissafi, a zana layi biyu, a nuna sabon ya fi tsohon. Wani lokaci ma tsohon ba a saita shi da kyau ba. Kamfanoni kuwa ba sa yarda a gwada ra'ayin ɗalibi a kan injin miliyoyin dala, kuma ba sa buɗe nasu linzamin, don shi ne sirrin kasuwancinsu. Abin da ya ɗan cike wannan giɓi shi ne injinan misali da aka wallafa dukan bayanansu kyauta, kamar mai megawat 5 na NREL a 2009 da mai megawat 10 na jami'ar fasaha ta Danmak a 2013, tare da manhajar OpenFAST da linzamin ROSCO, waɗanda kowa zai iya saukewa. Ɗalibi a Maraɗi ko Yamai mai kwamfuta da intanet yana iya gwada tunaninsa a kan ma'auni ɗaya da ɗalibin Kopenhagen.

In layin kuran ya yi tari

Injin ba shi kaɗai yake ba, a jone yake da layin kuran na ƙasa, wanda dole ya riƙa bugawa sau 50 a sakan. Tsakanin dinamon injin iska da layin akwai na'urorin lantarki, su ma da nasu linzamin mai saurin gaske. Manyan matsalolin da aka gani a shekarun baya daga nan suka fito.

A ranar 28 ga Satumba 2016, guguwa ta kayar da turakun layin kuran a jihar Ostareliya ta Kudu. Ƙarfin kuran ya faɗi ya tashi sau shida a cikin kamar minti biyu. Takwas daga cikin filayen injinan iska tara da abin ya shafa suna da wani saiti da ke cewa in an samu irin wannan faɗuwa sau kaza a jere, a janye. Suka janye megawat 456 a cikin ƴan sakanni, jihar gaba ɗaya ta shiga duhu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna hukumar da ke kula da layin ba ta san da wannan saiti ba. Lamba ce kawai a cikin kwamfuta, kuma bayan abin ya faru aka sauya ta. A ranar 9 ga Agusta 2019, tsawa ta faɗa kan wani layi a Ingila, linzamin filin Hornsea na cikin teku ya shiga karkarwa, filin ya zubar da fiye da megawat 700 nan take. Da wata tashar gas ta biyo baya, kimanin gidaje da ma'aikatu miliyan ɗaya suka rasa kuran.

Waɗannan ƙasashe ne masu layuka masu ƙarfi. Layi mai rauni, wato dogo mai ƴan tashoshi kaɗan, ya fi saurin shiga irin wannan hali. Shi ya sa ɗaya daga cikin batutuwan da suka fi zafi a bincike yanzu shi ne linzamin da ba ya jiran layi ya ba shi kiɗa ya bi, shi da kansa yake kafa bugun 50 ɗin, sauran su bi shi. Ga ƙasa kamar Nijar, wadda ta daɗe tana dogara ga layukan da ke fitowa daga Birnin Kebbi da Katsina, ta kuma ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke kuran a watan Agusta na 2023, wannan ba batun taron masana ba ne kawai.

Iskar Sahel ba ta Tekun Arewa ba ce

Ƙa'idojin da ake ƙera injuna a kansu an gina su ne galibi a kan iskar Turai. Ƙa'idar duniya ta ɗauki zafin aiki na yau da kullum bai wuce digiri 40 ba, alhali a Tawa da bazara wuce 40 ba labari ba ne. In na'urorin lantarki suka ɗau zafi, linzami yakan rage aiki don kare su, a daidai lokacin da gari ya fi buƙatar fanka da firiji. Iska mai zafi kuma ba ta da nauyi: a digiri 40 ta gaza ta digiri 15 da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuran ɗin da za a samu ma haka.

Ga ƙurar hunturu, wadda ke manne wa bakin fiffike tana kuma cinye shi a hankali. An yi nazarin tasirin ƙura a filin Zafarana na Masar, an ga tana rage abin da injin ke bayarwa. Wasu masu bincike ƴan Holan ma sun nuna a 2001 cewa gawarwakin ƙwari kaɗai, in suka taru a bakin fiffike, suna iya rage ƙarfin wasu tsofaffin injuna da rabi lokacin iska mai ƙarfi. Zafi da ƙura duka suna taɓa lambar nan ta riƙon dinamo, saboda haka linzami mai koyo irin na Kolorado ya fi amfani a nan fiye da inda aka ƙirƙiro shi.

Sai iskar da ke gaban hadari a farkon damina, wadda kowa ya sani: gari tsit, sai jan bango ya taso daga gabas, cikin minti kaɗan iska ta juya ta kuma ninka. Wannan shi ne tsallen da ke ƙetare matakai da yawa lokaci guda, kuma kan injin ba ya juyawa da sauri. Akwai kuma wani hali da masu binciken yanayi suka auna sosai a Yamai lokacin shirin AMMA na 2006: da dare iska takan yi gudu sosai a ƴan ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa alhali a ƙasa ganye ba ya motsi, da hantsi kuma ta sauko. Alheri ne ta wani gefen, don injin mai tsawo zai ba da kuran a lokacin da faifan sola ke barci. Ta wani gefen kuma yana nufin saman da'irar fukafukai da ƙasanta suna cikin iska biyu mabambanta tsawon dare.

Injinan da suka fi kusa da mutanen Maraɗi su ne na Lambar Rimi a jihar Katsina, guda 37 masu megawat 10 gaba ɗaya, aikin da ya kwashe fiye da shekara goma ana jan ƙafa. Fili irin wanda aka zana wa Tarka ya ninka shi sau 25. Ranar da za a zauna rubuta kwangilar irin wannan fili, farashin kilowat ne zai ɗauki hankalin kowa. Amma akwai shafukan da suka cancanci a zauna a kansu da injiniyoyin NIGELEC da malaman jami'ar Abdou Moumouni da na makarantar EMIG: sau nawa injin zai jure faɗuwar kuran kafin ya janye, a wane zafi zai fara rage aiki, wa ke da ikon sauya waɗannan lambobi, kuma ko bayanan da kowane injin ke tarawa dare da rana za su tsaya a Nijar ɗalibai su yi aiki da su.